Filaye Casa'in da Biyu

Babana, Wilf Ackroyd, ya bar mini littafi,
bangonsa ya sha maiƙon yatsa da ɗigon shayi.
Filaye casa'in da biyu ya jera da fensir,
ya soke tamanin da bakwai.
Saura biyar ƙafa ta ƙi, huhu ya ƙi,
ƙurar ramin kwal ta zo karɓar bashinta.

Na ɗauki littafin, na ɗauki laimarsa mai karyayyen haƙarƙari,
na hau jirgin asuba daga Barnsley.
Biyar na fito cikewa,
amma ƙafa ta bi tsohon sawu,
kamar akuyar da ta san hanyar gida.

A Bramall Lane wani mai gadi, gashinsa fari fat,
ya ce, "Yarinya, nan kurket aka fara bugawa,
ƙwallo baƙuwa ce da ta kwana ta gaje ɗaki."
Yarinya! Ni da jikoki biyu.
Na yi dariya har na ji gishiri a leɓe.

A Bradford ban yi dariya ba.
Sunaye hamsin da shida a jikin dutse,
wuta ta ci rumfar katako kafin a kai hutun rabin lokaci.
Na buɗe shafin. Layi ɗaya Baba ya rubuta:
"Mayu, 1985. Ban je ba. Norman ya je."
Shekara talatin yana dafa shayi kofi biyu ran Asabar,
sai yau na san na waye ɗayan.

Goodison da cocinsa a kusurwa,
addu'a da ihu katanga ɗaya suka raba.
Craven Cottage a bakin kogi,
jan bulo, kujerun katako masu cizon baya,
ruwan Thames na wucewa bai tambayi ci nawa ba.

Highbury kuwa, gidajen haya.
Inda mai tsaron raga yake tsalle, lambu ne,
wata mata na shanya safa a baranda,
yaro na koyon keke a tsakiyar fili.
Baba ya rubuta: "Mun sha kashi. Ruwa ya shiga takalmi.
Burodin nama ya yi tsada, amma da zafinsa."
Na tsaya bakin shinge ina neman inda ya tsaya,
mutum dubu nawa suka yi numfashi a nan,
yanzu ko tari babu,
sai tattabara.

Huɗu na cike cikin sanyi, ɗaya bayan ɗaya.
Na biyar can arewa, garin da bas ke juyawa,
fitilu huɗu a kan dogayen ƙarafa,
yayyafi na ratsa haskensu kamar tsakin gero.
Mai sayar da tikiti, Doreen, ta leƙa littafin,
ta gyara tabarau, ta ce, "Kin makara, ƙawata.
Wasu sun faɗa ƙasa, wasu sun hau,
wasu an rushe an yi kanti.
Casa'in da biyun bana ba na bara ba ne.
Wannan lissafi guga ne mai huji."

Na ce na sani.
Ƙarya nake, ban sani ba.
Shi ya sani, tsohon nan,
shi ya sa bai taɓa rubutu da biro ba.

Na miƙa kuɗin mutum biyu.
Ta dube ni, ta dubi bayana, ba ta ce komai ba.
Ƙofar ƙarfe ta juya, ƙaras,
na tura ta kuma, ƙaras.

Aka hura usur.
Na ɗora littafin a kujerar gefe,
na karkata laimar ta rufe shi,
kafaɗata ta hagu tana jiƙewa.